Jiggery-pokery: Tsohuwar Kalmar Turanci Mai Nufin Ƙumbiya-ƙumbiya

  

Yau kalma ɗaya tak muka ɗauko. Wani mai sauraronmu ne, malamin makaranta, ya aiko mana da tambaya a kanta. Ya ce yana karanta wata jaridar Ingila, a labarin wani kamfani da lissafin kuɗinsa ya ƙi daidaita, sai ya ci karo da wata kalma mai kama da waƙar yara. Ana rubuta ta jiggery-pokery, ana furta ta kamar a ce "jigari-pokari". Malam ya ce shi dai ya rasa gane ko zagi ne ko barkwanci. To Malam, tambayarka ta yi ma'ana, domin kalmar tana ɗauke da duka biyun, kuma wannan shi ne ya sa har yanzu ba ta mutu ba.

Bari mu fara da ma'ana. Idan Bature ya ce an yi jiggery-pokery, yana nufin an yi ƙumbiya-ƙumbiya, ko rufa-rufa, ko coge. Amma ku lura, ba kowace cuta ake kira da wannan suna ba. Ɗan fashin da ya tare hanya da bindiga ba a cewa ya yi jiggery-pokery, don shi a fili ya yi abinsa. Wanda ake nufi shi ne akawun da ya ɗauke bashin bana ya ɓoye shi a lissafin baɗi don kamfani ya fito kamar yana cin riba. Ko mai awon da ya lotsa gindin mudu. Ko wanda ya canja ranar taro a asirce don masu adawa da shi su zo a makare. Abin da ya haɗa su shi ne, in ka duba takarda za ka ga komai ya cika, an bi ƙa'ida, an sa hannu, an buga hatimi, amma duk da haka an cuci wani. Sau da yawa ma mai faɗin kalmar bai kama kowa dumu-dumu ba. Ya dai ji a jikinsa cewa akwai lauje cikin naɗi.

To daga ina kalmar ta fito? Mafi yawan masana ƙamus sun tafi a kan cewa asalinta daga Sikotilan ne, wato ƙasar da ke arewacin Ingila a tsibirin Birtaniya. A nan sai mu ɗan yi bayani. Ban da Turanci, Sikotilan tana da tsofaffin harsuna biyu. Akwai Gelik, wanda aka fi ji a tsaunuka da tsibiran yamma, shi danginsa daban ne. Sannan akwai wanda ake kira Scots, harshen mutanen kudanci da gabashin ƙasar. Shi wannan ɗan uwan Turanci ne na jini, tushensu ɗaya, sai dai kowa ya tashi a gidansa, har ya zamana Baturen Landan yakan ji wasu kalmominsa ya tsaya yana zare ido. A 1603 Sarki James na Sikotilan ya gaji sarautar Ingila, a 1707 kuma aka haɗe majalisun ƙasashen biyu. Daga nan cuɗanya ta ƙaru, mutane suna gangarowa kudu neman aiki da ciniki, kalmominsu suna biye da su.

A harshen Scots akwai kalmar jouk, ana furta ta "juk". Ma'anarta ita ce mutum ya sunkuyar da kai da sauri ko ya goce, kamar yadda za ka yi in an kawo maka duka ko an jefo dutse. Kun ga a nan babu laifi ko kaɗan, ai kowa yana kare kansa. Har ma suna da karin magana da ke cewa mutum ya sunkuya ya bar igiyar ruwa ta wuce ta kansa, wato in abu ya fi ƙarfinka ka yi haƙuri ka kauce har ya lafa. Mu ma muna da irinta: durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai kalmar ta ɗauki wata ma'ana ta biyu. Wanda ya iya goce wa duka ai zai iya goce wa mai binsa bashi, ya goce wa tambaya, ya goce wa alkawari. Sai aka ƙara mata ɗafi a ƙarshe ta zama joukery, wato halin zille-zille da yaudara. Wannan ɗafi yana aiki ne kamar yadda mu muke cewa munafuki da munafunci, ko maha'inci da ha'inci.

Rabi na biyu kuma daga kalmar pawk ne, wadda take nufin dabara ko makirci. Daga gare ta aka sami pawky, siffar da har gobe ake amfani da ita a Sikotilan ga mutum mai wayo, mai barkwancin da zai faɗi magana fuskarsa a ɗaure, sai ka je gida sannan ka gane da kai yake. Ita ma wannan kusan yabo ce. To da aka haɗa biyun sai aka sami joukery-pawkery, kuma an same ta a rubuce tun ƙarshen ƙarni na 17. Ma'anarta ke nan: a goce nan, a ƙulla dabara can.

Ku duba fa, kowane rabi in an ware shi ba mummuna ba ne. Gocewa kariya ce, dabara kuma baiwa ce. Haɗuwarsu ce ta zama abin zargi. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen Bahaushe, don muna da kalmar wayo. In aka ce yaro ya yi wayo, uwarsa murna take yi. In kuwa ka ce abokin cinikinka ya yi maka wayo, to ƙara ka kawo. Abin mamaki ma, wannan kalma tamu ta shiga Turancin buroka da ake yi a kudancin Najeriya, kuma a can ɓangaren yaudarar ne ya fi rinjaye. Da ka ji an kira mutum mai wayo a Legas ko Fatakwal, to ba yabonsa ake yi ba. Kalma in ta ƙetare iyaka, sau da yawa takan bar rabin kayanta a gida.

Haka ya faru da joukery-pawkery da ta gangara Ingila. Mutanen kudu ba su san jouk ba, ba su san pawk ba, amma sun ji daɗin amon kalmar. Sai bakinsu ya lanƙwasa ta zuwa abin da ya saba. A Turancinsu akwai jig, wata rawa ta tsalle-tsalle, da jiggle, wato jijjiga abu, da kuma poke, wato tsokana ko zungura. Sai kalmar ta koma jiggery-pokery. A ƙarni na 19 ta fara bayyana a rubuce da wannan sabuwar kama, kuma wani ƙaramin ƙamus na kalmomin mutanen karkarar Wiltshire, a kudancin Ingila, wanda aka buga a 1893, ya kawo ta da ma'anar mu'amalar rashin gaskiya. Wannan lanƙwasa ba laifi ba ce, kowane harshe yana yi. Ai mu ma haka muka sami asibiti daga bakin Ingilishi, muka sami lakwal daga bakin Faransi. Kuma sabuwar kamar ta zo da nata hoton: hannu yana jijjiga wannan, yana zungurar wancan, kamar mai rufa-ido a kasuwa, har idonka ya ruɗe.

Akwai ma wata jikar jouk da ake kyautata zaton ta ƙetara teku. A Amurka, in ɗan wasan ƙwallo ya yi kamar zai bi dama sai ya bi hagu ya bar mai tsaro a tsaye, suna da kalmar juke. Abin da mu 'yan kallon ƙwallo muke cewa ya yanke shi. A fili wannan gwaninta ce, ana tafa masa. In aka yi irin wannan yankan a ofis da takardun jama'a, sunansa ya canja.

Jiggery-pokery tana da 'yan uwa a Turanci masu irin wannan amo na tagwaye. Akwai hocus-pocus, wadda tun farkon ƙarni na 17 masu rufa-ido suke faɗa don ta yi kama da Latin, mutane su ɗauka wani asiri ne. Ana ganin daga gare ta ne aka sami hoax, wato labarin ƙarya da aka shirya don a ruɗi jama'a. Akwai hanky-panky ta ƙarni na 19, wadda ta fara da nufin siddabaru da coge, daga baya ta karkata zuwa ma'anar lalata a ɓoye. Sai skulduggery, ita ma jininta na Sikotilan ne, amma tafiyarta ta saɓa: a can gida tana nufin batsa da lalata, da ta isa Amurka a ƙarni na 19 sai ta koma nufin makirci. Ku kuma da kuka yi karatu da Faransanci, kun san chicane, wato jayayya a kan ƙananan abubuwa don a ja shari'a ta yi tsawo. To daga can ne Turanci ya aro chicanery.

Mu ma in kun lura, kalmominmu na wannan fanni da yawa tagwaye ne: ƙumbiya-ƙumbiya, rufa-rufa, cuwa-cuwa, noƙe-noƙe, kame-kame. Bambancin shi ne mu mukan maimaita kalmar gaba ɗaya, su kuwa Turawa sukan canja farkon ta biyun. Kuma a cikin namu, noƙe-noƙe ce ta fi kusa da ainihin hoton jouk, don ita ma daga motsin jiki ta fito, kamar yadda kunkuru yake noƙe kai.

To, kalma ce ta tsofaffi, wadda aka fi ji a Birtaniya, kuma matasa ba su cika faɗinta ba. Amma ranar 25 ga watan Yuni na 2015 ta farfaɗo a inda ba a zata ba, wato Kotun Ƙolin Amurka. Bari in ba ku labarin, don a nan ne za ku ga nauyinta.

A 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar inshorar lafiya da mutane suka laƙaba wa sunansa. Dokar ta tanadi a kafa wasu kasuwanni inda mutum zai sayi inshora, kuma masu ƙaramin ƙarfi gwamnati ta rage musu tsadar ta hanyar rangwamen haraji. Kowace jiha tana iya kafa kasuwarta, in kuma ta ƙi, gwamnatin tarayya ta kafa mata. Jihohi 34 ba su kafa ba, sai ta tarayya suka dogara da ita. To a wani sashe na dokar an rubuta cewa rangwamen na wanda ya sayi inshora ne a kasuwar da jiha ta kafa. Kalmomi huɗu ne kacal a Turanci. Sai wasu mutane huɗu daga jihar Bajiniya suka kai ƙara, suka ce tunda haka aka rubuta, duk wanda ya saya a kasuwar tarayya bai cancanci rangwame ba. Shari'ar ita ce ake kira King da Burwell. Da sun yi nasara, mutane fiye da miliyan 6 ne za su rasa tallafin da suke biyan inshora da shi.

Alƙalan kotun su 9 ne. Shida daga cikinsu, ƙarƙashin Babban Alƙali John Roberts, suka ce ba a tsinke kalmomi huɗu daga cikin doka mai ɗaruruwan shafuka a karanta su su kaɗai. Suka ce in aka dubi dokar gaba ɗaya, majalisa ta yi ta ne don ta gyara kasuwar inshora, kuma fassarar masu ƙara rusa kasuwar za ta yi. Saboda haka rangwame ya shafi kowa. Uku suka ƙi yarda: Antonin Scalia, da Clarence Thomas, da Samuel Alito. Scalia ne ya rubuta ra'ayinsu. Shi mutum ne da ya shahara da cewa alƙali ya tsaya a kan abin da aka rubuta, kada ya shiga neman abin da ke zuciyar 'yan majalisa. A ganinsa, in har kasuwar da jiha ba ta kafa ba za a kira ta wadda jiha ta kafa, to kalmomi sun daina nufin komai. A cikin wannan rubutu ne ya kira fassarar abokan aikinsa jiggery-pokery. A ranar, Amurkawa da yawa suka ruga ƙamus suna neman ma'anarta.

Yanzu ku tambayi kanku, me ya sa tsohon alƙali, wanda ya hau kujerar tun 1986, ya tsallake duk kalmomin shari'a ya ɗauko wannan? Ai ba zai iya rubuta cewa abokan aikinsa maƙaryata ne ba, gobe tare za su zauna. Ba ya kuma so ya tsaya a kan cewa sun yi kuskure kawai, don a ganinsa abin ya wuce kuskure, da gangan suka goce wa abin da ke rubuce. Sai ya sami kalmar da take zargi tana dariya. Wanda aka jefa da ita in ya yi fushi a ce ai wasa ne, in ya yi shiru kuma maganar ta zauna. Mu a Hausa wannan aikin habaici ne. A majalisar dokokin Birtaniya ma akwai ƙa'idar cewa ɗan majalisa ba ya kiran ɗan uwansa maƙaryaci a zaure, in ya yi shugaban majalisa zai sa shi ya janye. Inda ake da irin wannan ƙa'ida, dole mai magana ya tanadi kalmomin zagaye.

Sai dai ku lura da abu ɗaya. Kalmar ba ta raba gardamar ba. Masu goyon bayan hukuncin suna iya juyowa su ce ai masu ƙarar ne suka yi ƙumbiya-ƙumbiya, da suka laluɓo kalmomi huɗu don su kayar da doka sukutum. Kowane ɓangare yana ganin ɗayan ne ya goce. Hukuncin mutum shida ne ya tsaya, rangwame ya ci gaba, Scalia kuma ya rasu a watan Fabrairu na 2016. Abin da ya yanke shari'ar hujjoji ne da yawan ƙuri'a, kalmar ita dai ta ja hankalin duniya ne.

A nan ne abin ya shafe mu, mu da muke fassara labarai a gidan rediyo da ku da kuke saurare. In wani ɗan siyasa a Landan ya ce an yi jiggery-pokery a kasafin kuɗi, ni kuma na zo na gaya muku ya ce an yi sata, to na sa masa magana a baki, na kuma ɗora wa wani laifin da ba a ambata ba. In kuma na ce ya ce an yi ɗan wasa da lissafi, na rage wa maganar gishiri, na wanke wanda ake zargi. Shi ya sa muka fi zaɓar ƙumbiya-ƙumbiya ko rufa-rufa, don su ma zargi ne na abin da ba a fito da shi fili ba, ba tare da an ce an kama ɓarawo ba. Zamba da almundahana sun fi ta nauyi, su na kotu ne.

Ku kuma masu sauraro, duk lokacin da kuka ji irin wannan kalma, ko da Turanci ko da Hausa, kada daɗin amonta ya ɗauke muku hankali. Tana iya cutarwa ta fuska biyu. Mai zargi yana iya fakewa da ita ya ɓata sunan mutum ba tare da ya kawo shaida ko ɗaya ba. Mai laifi kuma yana iya jin daɗinta, don in kuɗin marayu suka salwanta aka kira abin da suna mai ban dariya, to an riga an sassauta masa. Saboda haka ku riƙa tambaya: me aka juya, wa ya yi hasara, kuma ina shaidar? In an amsa waɗannan, sai a kira abin da sunansa na gaskiya. In ba a amsa ba, to zato ne, zato kuwa zunubi ko da ya zama gaskiya.

Ga ɗalibai masu koyon Turanci, ga 'yar shawara. Kalmar ba ta da jam'i, ba a ƙirga ta, kamar yadda ba ma cewa ha'inci biyu. Kuna iya sa ta a hira ko a rubutun ra'ayi, Baturen Ingila zai gane, wataƙila ma ya yi murmushi ya tambaye ku inda kuka samo ta. Amma kada ku sa ta a takardar neman aiki, ko ƙorafi zuwa ga hukuma, ko yarjejeniyar ciniki. A can ana bukatar ku faɗi abin da ya faru dalla-dalla, da rana da adadi. Kada kuma ku jefi na gaba da ku da ita don kun ji tana da daɗin faɗi, domin komai wasan da ke cikinta, zargin rashin gaskiya ne.

Malam mai tambaya, da fatan mun warware maka. In ɗalibanka suka tambaye ka, ka ce musu kalma ce da ta taso daga Sikotilan da hoton mutum yana sunkuyawa don kada duka ya same shi, ta shiga Ingila aka canja mata furuci, ta kuma kai har Kotun Ƙolin Amurka. Sauran jama'a kuma, duk wanda yake da kalmar da ta ɗaure masa kai, ta Turanci ko ta Faransanci ko ma ta Hausa, ya aiko mana, za mu bincika. Haka kuma muna so mu ji yadda ake kiran ƙumbiya-ƙumbiya a garinku, don mun san bakin Damagaram da na Garwa da na Kumasi ba ɗaya ba ne.